Mazarƙwaila a Buhun Shinkafa

Ranar Asabar, jajibirin bikin girbi na Onam, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Varkey ya shiga shagon Kuriakose da lemarsa a naɗe, ruwa na ɗiga daga gashin kansa. Tun daga gida ya manta bai buɗe ta ba.

Bai gaida kowa ba. Ya nemi kofin ruwa ya shanye, ya nemi ƙari, sannan ya ɗauki kwando.

Shekara shida ke nan shi ke cefanen gidansa, tun ranar da suka je gwajin jini da matarsa Sosamma, likita ya kira ta ciki ya bar shi a benci. Ta fito idanunta jawur, ta ce, "Ciwon suga ne." Varkey ya san ciwon. Shi ya ci ƙafar yayansa, daga baya ya ci yayan. A wurin jana'izar ya faɗa kowa ya ji, cewa da shi ne, zai ci zaƙinsa ya mutu da daɗi a baki. Amma ran Sosamma ba abin wasa ba ne. A ranar gwajin ya kwashe sukarin gidan ya ba maƙwabta, ya ce abin da ba za ta ci ba, shi ma ya bar shi.

Ya bi layin kaya yana ɗan ɗingishi, saboda wani miki a yatsan ƙafarsa da ya ƙi warkewa. Jar shinkafa ya ɗauka, ba fara ba. Garin tamba. Hulba. Garahuni mai ɗaci. Ya ɗaga wani biskit da aka rubuta "babu sukari" a gabansa, ya juya bayansa, ya kawo shi dab da ido, don ganinsa ya fara hazo. A cikin ƙananan rubutun ya tarar da ruwan rake. Ya mayar. Ya sake ɗauka, ya sake mayarwa. 

A gaban mai shago ya zaro wani ƙunshi daga aljihu ya dire. Curin mazarƙwaila ne, da shatin haƙora a gefe.

"A buhun shinkafa na tsince shi. Kuriakose, tsakaninka da Allah, wa ya sayar mata?"

"Haba Yaya Varkey, ni kaɗai ke da shago a garin nan?"

"Kai kaɗai ke naɗe kaya da jaridar bara, marowaci!"

Chacko mai kantin magani, wanda ya fake wa ruwa a bakin ƙofa, ya yi tari ya kau da kai.

"Matar da ko allura tsoro take ba ta," in ji Varkey. "Kullum da safe sai ta fara gwada na'urar awon suga a yatsana, sannan ta shiga ɗaki ta yi nata. Ita za ku kashe mini saboda rupi ashirin?"

Sai ga Sosamma ta shigo, gefen zanenta a jiƙe. Ta dubi curin, ta sunkuyar da kai.

"Baban Lisi, ka rage murya. Gobe biki ne. Kai za ka tafi gidan Raghavan ka sha kunun madara da mazarƙwaila, ni ina zaune ina haɗiyar yawu. Raina ne ya biya."

Gaskiya ne. Sau ɗaya a shekara yake yi wa kansa wannan sassauci a gidan maƙwabcinsu. Bara sai da ya kwana biyu a kwance bayan bikin, ya ce sanyin damina ne.

Varkey ya dubi ƙafafunta, biyu cif a cikin silifas.

"To ba zan je ba. Ko cokali ɗaya ba zan sha ba, bana da baɗi da har abada. Na rantse da kabarin yayana. Ke ma rantse."

Ta rantse. Ya biya kuɗin kaya, ya jefa curin a kwata, ya fita cikin ruwa da lemar a hammata.

Waɗanda suka rage a shagon su uku ne. Kuriakose, wanda ya sha zagin bai musa ba, kamar yadda aka roƙe shi. Chacko, wanda kowane wata yake juye ƙwayoyin maganin suga a kwalbar maganin hawan jinin Varkey. Da Sosamma, wadda ta ajiye curin a inda ta san hannun mijinta zai kai, wadda kuma jininta lafiya ƙalau yake tun ranar da likita ya kira ta ciki ya gaya mata cewa ciwon na mutumin da ke zaune a benci ne.