Ƙafar Wandon Wendell

Yau ma Odessa Tate ta tarar da ɗinkinta a warware. Wandon na rataye a bayan kujerar kicin, baƙi, sabo dal, zaren kalmasar da ta yi masa jiya yana reto kamar gashin masara. Sama da inda ta kalmashe, da kamar yatsu uku, an sake jan layin farin alli, karkatacce.

Ba ta ɗaga murya ba. "Wendell, zo nan."

Mijin nata ya danno kekensa mai batir daga falo. Shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a cikinsa, ta bar masa hannun dama da taurin kai. Da wannan hannun ya tsefe mata aiki.

"A kan layin nake so," ya ce.

"Wa ya ja layin?"

"Clifford ne ya auna ni."

"Ƙanin naka da ko maɓallin rigarsa ba ya iya mayarwa, shi ne ya zama tela?"

Odessa ta daɗe da keken ɗinki. Rabin rigunan mawaƙan cocinsu daga kicin ɗin nan suka fita. Ta san abin da kowane mai allura ya sani: in mutum ya zauna, wando hawa yake yi. Wanda ke wuni a zaune tsawo ake ƙara masa, ba ragewa ba. Ta faɗa masa da lallashi, ta faɗa masa da faɗa, kamar da bango take magana.

Ranar Asabar za a ɗaura auren Yolanda, 'yarsu tilo, kuma uba ne zai rako amarya ta tsakiyar coci har gaban fasto, ido duk a kansu. Odessa ta riga ta haƙura da keken guragun. Abin da ba za ta iya haɗiyewa ba shi ne matan coci su ga ƙwaurin mijinta da ya tsotse kamar kara, su dafe ƙirji suna "Allah sarki". Mutumin da ya yi rayuwarsa yana hawa turakun lantarki a cikin ƙanƙarar garin Dayton, ba za a mayar mata da shi abin tausayi ba.

Ta sa masa wandon da ƙyar, ta kafe shi da fil a kan layin allin, ta jingina madubi a ƙasa. Bakin wandon ya tsaya can sama da idon sawu. Safa a waje, fata a waje.

"To, ka gani da idonka?"

"Ya yi."

"Ya yi? Wendell, kamar wanda ruwa ya ci gidansu."

"Wandona ne, Dess." Haka yake taƙaita sunanta.

Tana gama mayar masa da tsohon wandonsa, mota ta yi hon a waje. Ya juya keken har yana gogar ƙofa don sauri.

Wannan ma wani ciwon ne. Tun da sanyi ya wuce Clifford ya tsiri zuwa ɗaukarsa, wai shan iska. Sai ya dawo mata da shi jiƙe da gumi, ko cokali ba ya iya ɗagawa, barci ya kwashe shi kafin abinci ya huce. Ran nan ta ga tabo a gwiwarsa, ya ce ƙofar mota ce. Ita ke yi masa wanka, ita ke ɗaga shi har bayanta ya riƙe, amma ba ta isa a faɗa mata inda ake zuwa ba. Zuciyarta ta ba ta gidan giya, abin da likita ya hana, ko da yake ba ta taɓa jin warinta a bakinsa ba.

Ta kira Yolanda. "Ki yi wa ubanki magana, ko ke ya ji taki."

"Mama, don Allah ki yi masa yadda yake so. Ni ma nan kaina ya ɗau zafi."

Odessa ta ajiye wayar. Ta daɗe tana kallon layin allin. Sannan ta ɗauki almakashi ta datse abin da ya yi saura, ta bar na kalmasa kawai, yadda ko an yi nadama babu gyara. Tunda kunya yake so, ya sha.

Amma hannunta bai iya mugun aiki ba, ko tana fushi. Ta daidaita karkataccen layin, ta bi shi da ɓoyayyen ɗinki, ta kafa masa kari da dutsen guga. Da ta miƙa masa ya ce ya gode, ta yi kamar ba ta ji ba.

Ranar Asabar ta zauna a layin gaba, ta sauke hularta kusan kan ido. Kiɗa ya tashi, jama'a suka miƙe suka juya baya. Ita ta kafe idonta a kan furannin gaban fasto, tana jiran ƙarar keken da ta sani.

Sai cocin ya yi tsit. Wata mata a baya ta ja numfashi. Wata ta fara shessheƙa. Odessa ta ƙara sauke hularta. Sun gani ke nan, abin da ta guda ya faru.

Ta juya a hankali, kanta a sunkuye, don ba ta son haɗa ido da kowa. Ta bi jan kafet ɗin da kallo har ta kai ga gefen farar rigar amarya.

Bakin wandon ya sauka daidai a kan takalmi, bai ɗara ba bai gaza ba, domin Wendell a tsaye yake, riƙe da hannun 'yarsa, yana takowa.