Likitan da Inna Ta Ƙi Gani

Shekara biyu ke nan Inna ba ta iya waiwaye. In an kira ta daga baya, sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya. Yanzu kuma ciwon wuyan ya gangaro hannun dama, har kofi ya fara suɓuce mata.

Auta, ƙaramar 'yarta, ita ke yawo da ita asibiti. Likitan ƙashi ya ba da magani da abin ɗaura wa wuya. Mai gashin ƙashi ya yi wata uku yana murzawa. Likitan ido ma sun je, don wata maƙwabciya ta rantse daga tabarau ne. Kowa ya gama nasa, sai ya ce abu ɗaya: jijiya ce ta danne, akwai likitan laka a babban asibiti, shi ya kamata ya gani.

Inna ta ce ba za ta ba. "Mutumin da jama'a suka yi wa yawa, ba a ƙara masa kaya." Ta sa Auta ta yi alkawarin rufe baki. Duk wanda ya bugo waya, amsarta ɗaya ce: lafiya lau.

Auta ta riƙe alkawarin, abin yana cin ta. Ita ke ganin tsohuwar tana cije leɓe wajen ɗaura ɗankwali. Ranar da likitan ƙashi ya ce in aka ƙara jinkiri hannun zai mutu, ba ta nemi izini ba, ta je ta yanki kati.

Suka bi layi kamar kowa. Inna ta sa zanenta mafi kyau, tana ta mita. "Kin ci amanata, 'yar nan."

"Na ci, Inna. Gara in ci taki da in ci ta hannunki."

Nas ta karɓi hoton wuyan ta shige da shi, can ta leƙo ta kira su. Likitan ya ba ƙofa baya, ya ɗaga hoton saitin fitila, ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya bar baiwar Allah haka?" ya ce, bai juyo ba. "Ba ta da 'ya'ya ne?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Yaya, ita ce ta hana ni gaya maka."