Ɓarawon da Sa'adatu Ta Toshe

Jama'a, Sa'adatu fa ta kama ɓarawon! Da goyo a baya nake rubuto muku.

Sati biyu ke nan da aka ɗauke ta gwaji a ƙungiyar manoma ta nan Zuru, tana kula da babbar kwamfutarsu. Ta kafa mata katangar tsaro, ta sa sabuwar kalmar sirri. Sai ga wani daga waje yana ta gwada shiga, sau tara yana kuskure. In ya shiga, aikinta ya tafi. Ta hau zargin kowa, har mai gadi. Ta toshe shi ɗif, ta kira shugaba.

"Oga Markus, an so yi mana kutse!"

"Bar wannan, 'yata. Ina garin Manga tun safe, kwamfuta ta ƙi ni. Ba kaya kika ce mini a waya in rubuta ba?"

Sa'adatu ta dafe kai. "Oga, ƙaya na ce! Ƙayar shinge!"

Oga Markus ya fashe da dariya. "Shingen da ya hana mai gona shiga, ina akuya za ta bi? Aiki naki ne."

Don Allah ku tura wa 'yan uwa su sha labari!