Mai Ihu a Tashar Ƙofar Baya

Azariya na tsugune a tsakar gida yana dama zoɓo da sitaci, jinin fim ɗinsa ke nan, sai wayarsa ta yi ƙara. Dandalin bidiyo ne ya sake manna wa sabon fim ɗin alamar rawaya. Ma'anarta ya haddace ta kamar Addu'ar Ubangiji: an ga jini da sara, masu talla ba sa so, jama'a su kalla kyauta.

Ya yi musu bayani har bakinsa ya bushe cewa wasa ne, hanjin ma na akuya ne daga mahautan Kafanchan, amma na'urar da ke tantancewa ba ta san zoɓo ba. Kuma a kan wannan sana'ar ya karya ƙafa bara, da ya zamo daga dutse a Matsirga yana ɗaukar fim, har yau yana ɗingishi. Gida kuwa matarsa Hulda ce ke riƙe da shi, da ɗan cinikin cittar da take sarowa daga Kwoi. Ko a shekarar da cuta ta cinye gonakin citta ba su kwana da yunwa ba, shi kuma bai taɓa tambayar ta yaya ba.

Da rawayar ce kaɗai, da ya haƙura. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya wata tasha ce mai suna Ƙofar Baya. Ba fuska, ba jini, ba adda. Ƙofar langa-langa kawai ake nunawa tana motsi a hankali, a ji ana ɓara wani abu a ciki, a yi shiru, sai wani namiji ya kurma ihu.

Ihun nan shi ne jarin tashar. Yana tashi siriri, ya karye a tsakiya kamar na ɗan akuya, ya ƙare da shesshekar mutumin da ya sallama. Masu sharhi na cewa sun kasa shiga banɗaki su kaɗai. Talla kuwa har ta yi wa tashar yawa, alamarta kore shar, tunda babu abin da na'ura za ta kama.

Azariya ya sa Boaz, ɗan wasansa, ya kwaikwaya. Boaz ɗan ƙungiyar mawaƙa ne a coci, ihun ya fito kamar waƙar yabo. Ya gwada da kansa a bayan gida, kaji ma ba su ɗaga kai ba. Hassada ta cika shi har wuya, bai kuma ji kunyarta ba.

Abin da ya ƙarasa shi Hulda ce. Kullum tana maƙale da abin sauraro a kunne tana kallon Ƙofar Baya, kuma da an zo wurin ihun sai ta yi wani murmushi da ya rabu da ganin irinsa. Da ya tambaye ta, ta ce mutumin ya iya aikinsa, ba ta san kamarsa ba. Ita da ke hamma idan ya kunna mata nasa fina-finan.

Nan take ransa ya ba shi Meshak ne mai ihun. Tsohon abokin aikinsa ne da ya koma unguwar Sabon Tasha, mai tsayawa gaisuwa da Hulda bayan sujada har gaisuwar ta wuce misali. Muryar ma, da ya ƙara saurare, ta raggon namiji ce, kuma Meshak raggo ne.

Sai ya zauna ya karanta dokokin dandalin, ya sami abin da yake nema. Fim na ƙarya mai jini, talla kawai ake janyewa. Amma in aka nuna wahalar mutum ta gaske don a tsorata jama'a, tashar ake rufewa. Ya kai ƙara cewa babu ɗan wasan da zai iya wannan ihu, wani bawan Allah ake gana wa azaba. Ya bi yaransa na fim da 'yan zumuntar matasa, kowa ya danna wurin kai ƙara. Kafin mako ya zagayo an dakatar da Ƙofar Baya.

Ranar ya sayo tsire ya dawo da la'asar yana fito. Ya tarar ba a hura wuta ba, Hulda na zaune a bakin madafa da waya a cinya.

“Baban Peculiar, zauna,” in ji ta.

Ta ce dandalin ya ba da sharaɗi: sai mutumin da ya yi ihun ya fito a bidiyo ya ce yana raye lafiya, kuma da yardarsa aka sa muryarsa, in ba haka ba a goge tashar har abada. Azariya ya yi dariya har da buga ƙafar mai lafiya. Ya ce ina ruwanta, Meshak ɗin nata ya fito mana a ga fuskar matsoraci.

Hulda ta dube shi, ta dubi ƙunshin tsiren, sannan ta miƙe tana goge gilashin wayar da bakin zane.

“Meshak bai san komai ba. Tasha na ne, shi ne yana ciyar da gidan nan. Je ka sa rigan coci ka zo in ɗauke ka, ihun naka ne, ranan da Baba Yuguda mai ɗori ya ja maka ƙafa.”