Addu'ar Ishaya a Gindin Babur

"Yalla, Fasto, tashi. Nan gareji ne, ba coci ba," na ce wa Ishaya.

Kullum da safe, kafin 'yan'uwansa masu kai saƙo su fita, sai ya bi baburansu ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa yana motsa baki. Wai addu'a yake musu. Su kuma har da cewa tun zuwansa ba wanda ya faɗi.

Abin dariya. Ni ne makanikensu, duk unguwar Madain Fahd an san hannuna. Ni in sha baƙin mai, shi ya kwashe godiya?

Da iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ta ƙare ya koma gida Kafanchan, na ce halas, mun huta da wasan kwaikwayo.

Cikin sati guda babura huɗu suka watse a titi.

Nawaf, kafilinmu da muke aiki a ƙarƙashinsa, ya kira ni ya kunna min tsohon bidiyon kyamarar gareji. Ga Ishaya a durƙushe, baki yana addu'a, hannu riƙe da sifana, yana ɗaure duk notin da na bari a sake.

"Shekara biyu ina kallo," in ji Nawaf. "Shi ya roƙe ni kada in kore ka."