Malam Ilu da Ragon Gasa

Sarƙar keken Malam Ilu tana kuka, amma bai daina taka feda ba. Tudun yashin bayan Gagarawa ya miƙe a gabansa. Reuben, malamin firamare, yana haki dab da tayarsa ta baya.

"Baba Ilu, sauka ka tura mana, ba zan faɗa wa kowa ba," in ji Reuben.

"Rufe bakinka, yaro, kada ƙurata ta cika shi."

An shirya tseren ne don a tara kuɗin rufin asibitin garin. Shi dai Malam Ilu ba rufi ya kawo shi ba. Ya ji wanda ya fara kai ƙoli zai tafi da rago, ya kuma rantse a majalisa cewa nasa ne.

Shi ya fara kaiwa kuwa. Ya zube a yashi, aka miƙa masa igiyar wani farin rago fes.

A hanyar gida, ragon ne a gaba yana jan sa. Ya sha kwanar masallaci da kansa, ya kutsa zaure, ya je turke ya tsaya.

Matarsa Ummu tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ummu, kamar ragon nan ya san gidan nan."

"A nan aka haife shi, Malam. 'Yan kwamitin tseren sun zo neman taimako kana kasuwar Maigatari, na ba su shi. Wanka kawai suka yi masa."

"Da an kayar da ni fa?"

"Kai ɗin? Tunda na aure ka ban taɓa ganin abin kyauta ya tsere maka ba."