Ramin Harsashi Na Uku

Ghali ya ture kwalin takalma, ya miƙa wa abokin kasuwancinsa Ilu waya a shagonsu da ke titin Zhanxi Lu, a birnin Guangzhou.

"Mutumina, daga Kano aka turo min hoton nan. Tsohuwar bindiga ce mai juyawa. Wane harsashi take ci, dogon ko gajeren?"

Ilu ba ya iya yin shiru kan abin da ya sani.

"Gajeren mana. Amma a kula, raminta na uku ya tsage."

Ghali ya karɓe wayarsa a hankali.

"Ilu, a rufe take a hoton, ba a ganin ramukan. 'Yan sanda ne suka tsince ta inda aka harbe yayana. Ranar ka ce min kana nan Guangzhou."